Ƴan Fari Bakwai da Suka Ɓace a Jeri

Shekara huɗu na yi ina aikin buga takardu a wata ƙaramar ƙungiya a Dakoro. Aikinmu guda ɗaya ne. Mu shiga ƙauyuka mu rubuta yaran da aka haifa a gida ba a yi musu takardar haihuwa ba, mu cika wa kowane yaro takardarsa, in alƙali ya fito rangadi ya sa hannu. Biron namu, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne, da fanka ɗaya wadda shef, shugabanmu, ya juya wajen kujerarsa, da ordinatar ɗaya, wato kwamfuta mai ninkewa, wadda ni kaɗai ke taɓawa. In na ce ni kaɗai, to ni kaɗai. Shef da kansa sai ya nemi izini kafin ya kai hannu kanta.

Da na fara aikin, da bik, wato alƙalami, ake cika takardun. Gida mai yara shida, sau shida za ki rubuta sunan uba, sau shida sunan uwa, sau shida sunan ƙauye, har yatsunki su ƙage. Ni kuwa ba a yi ni da haƙurin irin wannan aiki ba. Wani hutu ƙanena da ke karatu a Yamai ya zo gida, na tsare shi ya nuna mini yadda ake rubuta wa ordinatar umarni da harshen da ake gina shafukan intanet da shi, JavaScript. Mako biyu ya yi yana koya mini muna faɗa, sauran na ƙarasa a telefon. Daga ƙarshe na haɗa wani ɗan shafi nawa. Ki sa sunan uba da na uwa sau ɗaya, a ƙasa akwai fili, ki jera yaran gidan, kowa da layinsa, suna da shekara. In kin danna ajiye, shafin ya yanka rubutun layi-layi, ya mai da shi jeri, na ɗaya, na biyu, na uku, kamar kwanonin mata a gaban injin niƙa. Sai ya fitar wa kowane yaro takardarsa a cike.

Na ji da kaina ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina tafiya a biro kamar ni na gina shi.

Matsala ɗaya ta hana ni sakat. Kowane gida sai injin buga takarda ya ƙaro guda fanko a ƙarshe, ga sunan uba da na uwa, wurin yaro babu komai. Shef ya dinga tara su a kan teburina yana cewa, "Madam, ga ƴaƴanki marasa suna." Raina ya ɓaci, na zauna na bincika har na gano dalili. Bayan kowane suna ina danna babban maɓallin da ke sauka sabon layi. Na ƙarshe ma ina danna masa, sai a bar layi fanko a ƙasa, ordinatar kuwa ta ƙirga shi cikin yara. Maganin bai wuce haruffa uku ba. Akwai wani umarni, pop, aikinsa ya cire abin da ke ƙarshen jeri ya yar. Na sa shi. Na gwada da sunayen ƙarya sau goma, takarda fanko ta daina fitowa. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, umarnin nan ba ya duba abin da ya ɗauka. Layi fanko ne, sunan mutum ne, duk ɗaya ne a wurinsa, muddin shi ne na ƙarshe.

Bayan an gama girbin hatsi muka tafi wani ƙauye a bayan Ɗan Gulbi. Aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin itacen bedi a ƙofar gidan mai gari, aka kawo fura, na ɗora ordinatar a kan turmi da aka kife mini. Maza da yawa sun riga sun tafi cin rani, don haka mata ne suka cika wurin, kowace da ayarinta.

Kowa a ƙasarmu ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ni ma na sani. Babban wanmu yau furfura ta cika masa gemu, har yanzu innarmu "wannan yaron" take ce masa. Ni da nake kiran nawa ɗan farin da sunansa gaɓa-gaɗi, ba irin faɗan da ban sha ba, wai mu ƴan lekol, ƴan boko, an wanke mana ido. To haka aikin ya tafi a gindin bedin. Mace ta zauna, ta fara daga na goye ta hau sama, ina bugawa ina sauka layi, ina jiran na gaba tunda ban san inda za ta tsaya ba. In ta zo kan na fari sai ta yi shiru, ta dubi gefe. Sai wata maƙwabciya ta duƙo ta faɗa mini sunan, mata su yi dariya. Ni kuma na san wannan shi ne na ƙarshe, ba sauran jira, sai in buga shi in kai yatsa kan ajiye kai tsaye, ba tare da na sauka layi ba. Sauri nake yi, rana tana yi, batir yana ƙarewa.

A cikin matan akwai wata doguwa mai goyo, ba ta cika magana ba. Mijinta yana Libiya. Yaranta huɗu. Ta faɗi uku, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Babbar ɗiyarta, mai shekara goma sha biyu ko sha uku, tana tsaye a bayanta riƙe da hannun ƙanenta. Wata tsohuwa da ke kusa ta faɗa mini sunan, ta ƙara da cewa, "Wannan kam ko kwana za ki yi nan ba za ki ji shi a bakinta ba. Ɗiyar fari ce, kuma sunan uwar mijinta gare ta." Aka yi dariya, ni ma na yi. A gida da laƙabi ake kiran yarinyar, sunan yanka sai a lekol.

Mako biyu bayan haka alƙali ya zo ƙauyen, ya sa hannu a kan tarin takardun da na buga, muka raba su gida-gida a cikin leda. Ban ƙirga ba. Mi zan ƙirga, ni da na ba ordinatar amana?

Wata uku ko huɗu suka wuce. Wata Litinin da hantsi, zafi ya fara, wani mutum ya tsai da babur a ƙofar bironmu ya shigo da jaka a hammata. Darektan lekol ɗin ƙauyen nan ne, wato shugaban makarantar, siriri, mai magana a hankali. Muka gaisa, ya ce yana haɗa dosiye, wato tarin takardun ƴan ajin ƙarshe na jarrabawar shiga kolej, kuma ba a karɓar dosiye sai da takardar haihuwa. Ya aika gidaje a kawo, yara bakwai ba su da ita.

Na ce, "Malam, su duba da kyau. Mutanen nan a ƙarƙashin katifa suke ajiye takarda, gara ta ci, su ce ba a ba su ba."

Ya ce, "Na je da kaina, Madam. Ledojin suna nan yadda kuka ba su. Na ƙannensu duk suna ciki."

"To ba a kawo su wurin rubutu ba ke nan. Ordinatar ba ta mantuwa."

Bai yi musu da ni ba. Ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, ya karanta mini sunayen bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, duk bakwai ɗin ƴan fari ne."

Na jawo ordinatar, na buga sunaye huɗu na ƙarya, na ƙi sauka layi bayan na huɗun, na danna ajiye. Takarda uku suka fito. Na sake, uku. Na zauna ina kallon haruffa ukun nan da na sa da hannuna. Duk gidan da kawu ko kaka ya kawo yara ya jero su ba tsayawa, sun cika. Duk gidan da uwa ta yi kunya, na share mata ɗan fari. Ba bakwai ne kaɗai ba, akwai wasu a ƙananan azuzuwa da waɗanda ba sa lekol, amma su da sauran lokaci. Bakwai ɗin nan ranar Alhamis ake rufe karɓar dosiyensu.

Darekta ya sa yatsa a kan suna ɗaya a kayen. Ya ce wannan ita ce ta ɗaya a ajin tun shekara uku, kuma ta shiga lekol a makare, shekarunta sun kai iyaka. In ta rasa bana, baɗi cewa za a yi ta girma. Na dubi sunan, na gane shi. Ɗiyar doguwar matar nan ce.

Gyaran shafin bai ɗauke ni minti biyu ba. Layi ɗaya na ƙara, a duba na ƙarshen tukuna, in fanko ne a cire, in da rubutu a bar shi. Wannan sauƙin gyaran ya fi komai ƙona mini rai. Na shiga wurin shef na gaya masa ni ce, ba kowa ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce alƙali ba zai sake fita rangadi ba sai wata shekara. Hanya ɗaya ta rage, a kawo iyayen yaran zuwa Dakoro su tsaya gaban magatakardan alƙali, kowa ya bayyana ɗansa da bakinsa, da shaidu biyu.

Talata da sassafe na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Gidaje shida na samu ubanni, wasu sun dawo daga cin rani, wasu ba su tafi ba. Na yi bayani, na sha harara, wani tsoho ya tambaye ni ko a lekol ba a koya mana ƙirga ba, na haɗiye. Gidan doguwar matar ne na ƙarshe. Na same ta tana sussuka a tsakar gida, ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa mini tabarma.

Na ce, "Yaya, laifi na zo in faɗa. Takardar babbar ɗiyarki ba ta fito ba, kuma ni na jawo."

Na yi ƙoƙarin kwatanta mata yadda abin ya faru, layi da jeri da na ƙarshe. Ta saurara har na gama, ta ce, "To shi injin naku, shi ma kunyar ƴan fari yake ji?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na tambaye ta ko ba ta lura takardun ba su cika ba. Ta ce ta lura tun ranar, ba ta iya karatu ba amma ta iya ƙirga uku. Ta ɗauka ta ƴan lekol a wurin malamai ake ajiyewa. Ta so ta tambaya, amma ta je gaban maza ta ce takardar wa ta ɓace? Sai ta bari.

"Gobe sai kin zo Dakoro, Yaya. Ke da ita."

"In dai don karatun ne, zan zo," ta ce, ta koma ga taɓaryarta.

Laraba muka hallara a ofishin magatakarda, ni da darekta a matsayin shaidu. Yara bakwai aka zaunar a kan benci a baranda, a gindin taga. Iyaye na shiga ɗaya-ɗaya. Magatakardan mutum ne mai ƙiba, ba mugu ba, amma ya ce a baya an sha kawo masa iyayen aro, an ja masa kunne daga sama, don haka doka a wurinsa ita ce mai bayyana yaro ya kawo sunan da kansa, kada shaida ya sa baki. Mazan ma kunyar suke ji, amma kowa ya samu dabararsa. Biyu suka karɓi bik suka rubuta da ajami. Ɗaya ya faɗa da sauri yana kallon rufin ɗaki. Wani ya yi tari kafin da bayan. Kafin azahar an gama shida.

Sai matar ta shigo da goyonta, ta ƙi kujera, ta durƙusa a gefen tebur. Magatakarda ya tambayi sunanta, ta faɗa. Sunan mijinta ma da ƙyar ya fito, amma ya fito. Ƙauye, ta faɗa. Shekarar haihuwa, ta ce shekarar da aka haƙa rijiyar gabas, darekta ya lissafa.

"Sunan yarinya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, sunan ɗiyarki nake tambaya."

Ta ce, "Tana waje. A kira ta ta faɗa."

"Ba ita ke bayyana kanta ba. Ke ce."

Na sa baki na ce, "Malam, ɗiyar fari ce, kuma sunan surukarta ne. Ga shi a kayen darekta. Ka karanta mata, ta ɗaga kai."

Ya ce, "Madam, ni ma ɗan fari ne, na san abin da kike faɗa. Amma ɗaga kai ko matar da aka tsinto a tasha ta iya. Ta iya rubutu?"

Ba ta iya ba. Na yi magiya, na ɗaga murya, na ce masa laifina ne ba nata ba, in akwai hukunci ni za a yi wa. Ya ce ba wanda ya yi maganar hukunci. Ya dubi agogo, ya fara tattara takardunsa, ya ce ba matsala, in uban ya dawo ya zo ya yi, ko da damina ne. Darekta ya ce a hankali, "Gobe ake rufewa." Magatakarda ya buɗe hannuwa, alamar ba yadda zai yi.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Matar nan shekara goma sha uku tana riƙe da abu ɗaya, ba ta taɓa sakinsa ba, ko a ɗaki ita kaɗai da yarinyar. Ba ta roƙe ni takarda ba, mu muka je har ƙofar gidansu. Yanzu ga ta durƙushe a kan siminti a gaban baƙon namiji saboda na ji haushin takarda fanko.

Ta gyara goyonta. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Malamin lekol ya fita."

Darekta ya tashi ya fita, ya ja ƙofa. Ta juya fuskarta wajen bango, ta ja mayafi ta rufe rabin bakinta, ta faɗa. Ni da ke kusa da ita na ga leɓenta ya motsa, amma fanka na ƙara a sama, ko ni ban ji ba.

Magatakarda ya riƙe bik a sama ya ce, "Ki yi haƙuri, ban ji ba."

Ta ja numfashi. Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, ƙarfin da ya wuce yadda ta yi niyya, kamar mai sauke kaya daga ka.

Daga baranda, ta taga, muka ji an ce, "Na'am."

Ƙofa ta buɗe. Yarinyar ce, ta taso da sauri yadda take tasowa in an kira suna a aji. Ta dubi magatakarda, ta dube ni, tana neman wanda ya kira ta. Sannan ta dubi uwarta da ke fuskantar bango, sai ta tsaya cak, hannunta a kan marfin ƙofa. Ta gane muryar. Bik ɗin magatakarda na tafiya a kan takarda.

Uwar ba ta juyo ba. Ta ce, "Koma ki zauna, ke. Ba kiran ki na yi ba."

Yarinyar ba ta koma nan da nan ba. Ta ɗan ƙara tsayawa tana kallon bayan uwarta, idonta ya cika, sannan ta ja ƙofar a hankali.

Da la'asar alƙali ya sa hannu, aka buga hatimi. Darekta ya karɓi takardu bakwai ya ƙirga su a gabana sau biyu, ya sa a jaka. Na raka matar tasha. A hanya na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta riga ni.

"Malama, ke da mutumin nan kuka ji. Kada ya kai garinmu."

Na ce ba zai kai ba. Ta hau bayan motar kasuwa, ta zauna a kan buhu. Yarinyar ta hau ta zauna a gefenta, ta matsa har kafaɗarsu ta haɗu. Uwar tana kallon wani wajen, amma ba ta matsa ba.